Wa Zai Hau, Wa Zai Jira: Dokar Fifiko a Jiragen Sama Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu

Dokar fifiko tsari ne da gwamnati kan kafa a lokacin yaƙi domin raba kujeru da gurbin kaya a jiragen sama gwargwadon muhimmancin tafiya. A zaman lafiya, wanda ya riga sayen tikiti shi ke da kujera. Idan yaƙi ya ɓarke kuwa, jirage kan yi kaɗan, masu buƙata su yi yawa, sai hukuma ta karɓi ikon cewa wane zai tashi yau, wane zai jira gobe. Inda aka fi ganin wannan tsari a cike shi ne ƙasar Amurka tsakanin 1942 da 1945, sai kuma Birtaniya da hanyoyin saman da ta riƙe zuwa ƙasashen waje.

Ƙarancin jirage shi ne tushen al'amarin. Lokacin da Japan ta kai hari Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba 1941, duk kamfanonin jiragen cikin gida na Amurka ba su da jiragen fasinja da suka wuce kimanin 360. Mafi yawansu ƙirar DC-3 ne, mai ɗaukar mutum 21. Kwana shida bayan harin, Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a kan wani umarni da ya ba Sakataren Yaƙi ikon karɓe duk wani ɓangare na sufurin saman farar hula da yaƙi ke buƙata. Ba a kai ga mayar da kamfanonin mallakar gwamnati ba, amma cikin 1942 soja suka kwashe kimanin jirage 200, aka bar ƙasar baki ɗaya da ƙasa da rabin abin da take da shi. Wannan kuwa ya zo daidai lokacin da masana'antun makamai ke tasowa daga wannan gaɓar teku zuwa waccan, hafsoshi da injiniyoyi da 'yan kwangila kowa na sauri. A tsakiyar shekarar aka kafa Rundunar Jigilar Sama, wadda aka fi sani da ATC, ƙarƙashin Janar Harold George, aka kuma ɗauko C. R. Smith, shugaban kamfanin American Airlines, aka sa masa kakin soja ya zama na hannun damansa. Rabon fifiko ya koma hannun wannan runduna.

Matakai huɗu aka tsara wa jiragen cikin gida. Na ɗaya na waɗanda ke tafiya da izinin fadar shugaban ƙasa ne. Na biyu na matuƙan soja masu kai jiragen yaƙi inda ake buƙatarsu. Na uku na sauran sojoji da farar hula waɗanda tafiyarsu ta shafi aikin yaƙi kai tsaye. Na huɗu na kayan soja. Duk wanda ba ya cikin waɗannan, ko attajiri ne ko tauraron fim, sai ya jira abin da ya rage.

Mataki na biyu shi ne abin lura, domin ya sa ƙaramin hafsa gaban janar. Dalilin yana cikin yanayin aikin. Matuƙin da ya ɗauki sabon jirgi daga masana'anta a Kalifoniya ya kai shi gaɓar gabas, ya zama mutum marar jirgi a wuri mai nisa. Idan aka ce ya koma ta jirgin ƙasa, zai yi kwana uku ko huɗu a hanya, alhali ga wani jirgin can yana zaune yana jiran mai tuƙi. Kujera ɗaya da aka ba shi tana nufin jirgin yaƙi ɗaya zai isa fagen daga da wuri. Ke nan abin da dokar ke aunawa shi ne aiken da mutum ya ɗauko, muƙaminsa kuwa ba a sa shi a sikeli.

Wannan matsala ta matuƙa ta ratsa ta ƙasar Hausa. Tun watan Satumba 1940, bayan Bahar Rum ya zama wurin haɗari ga jiragen ruwan Birtaniya, sai aka riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa tashar Takoradi da ke Gana ta yau, a harhaɗa su, a tashi da su ayari-ayari ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, Al-Fashir, Khartum, har Alƙahira. Tafiyar ta kusa kilomita 6,000, kuma sama da jirage 5,000 suka bi ta nan. Duk matuƙin da ya sauke jirginsa a Masar dole a dawo da shi Takoradi ya ɗauki na gaba, don haka jiragen jigilar da ke yada zango a Kano suna dawowa yamma da matuƙa a cikinsu. Daga ƙarshen 1941 kamfanin Pan American ya shiga hanyar, ya kafa cibiya a Akra, daga baya soja suka karɓe ta. Ta haka filin jirgin Kano ya zama zango a doguwar hanyar da ta taso daga Miami, ta bi ta Natal a Barazil, ta tsallaka Atilantika, ta nufi Indiya.

A cikin Amurka kuwa, wurin da dokar ta fi cizo shi ne gaban kantar ma'aikacin kamfani. Mai neman fifiko yakan nemi takarda daga ofishin da aka ba izini, a rubuta matakinsa da inda za shi. Wanda ba shi da takarda ba a hana shi sayen tikiti ba, sai dai tikitin ba ya ba shi tabbacin komai. Jirgin DC-3 ba ya iya ƙetare ƙasar a tashi ɗaya. Daga New York zuwa Los Angeles sai ya sauka sau da dama ya sha mai. A kowace sauka ana iya samun mai takarda yana jira. Sai a duba jerin sunaye, a kira wanda ba shi da fifiko, a fito da jakarsa, jirgi ya tashi ya bar shi tsakar dare a garin da bai san kowa ba, ga otal-otal a cike, ga jirgin ƙasa babu masaka tsinke. Shi ma mai mataki na uku bai tsira ba idan mai na biyu ya bayyana. Ma'aikacin ba shi da ta cewa; lamba yake bi.

Kamfanonin ba su yi asara ba. An daina rangwamen kuɗin tikiti, an cire gadajen kwana daga jiragen dare, an rufe wasu ƙananan hanyoyi, aka ƙara wa kowane jirgi sa'o'in tashi a rana. Kafin yaƙi, kimanin kashi 60 cikin ɗari na kujeru ne ke cika. Lokacin yaƙi abin ya haura kashi 80. Tafiyar shaƙatawa ta jirgin sama ta kusa ɗaukewa ɗungurungum.

A hanyoyin ƙetare teku lissafin ya sha bamban, domin can nauyi ake ƙirgawa, ba kujera ba. Mutum da jakarsa, akwatin kayan gyaran inji, buhun wasiƙu, duk kilo ne, kuma kowane kilo yana gasa da man da jirgi zai sha kafin ya ga ƙasa. Saboda haka aka jera mutane da kaya a ma'auni guda na gaggawa: abin da ba ya jira ko kaɗan, abin da aikin yaƙi ba zai yiwu ba sai da shi, abin da ke da muhimmanci amma zai iya ɗan jinkiri, sai abin da ya cancanci jirgin sama idan akwai wuri. A kan wannan ma'auni akwatin ƙarfe yana iya sauke kanar. Daga watan Agusta 1944 aka fara ɗaukar jinin da mutane suka bayar zuwa asibitocin soja a Turai, kuma jini ba ya daɗewa, don haka ba a barinsa a ƙasa. Jiragen ba sa dawowa hannu rabbana: suna ɗauko raunanan sojoji, da ma'adinan da masana'antu ke ƙishirwarsu, irin su maika daga Indiya da duwatsun kwaz daga Barazil, waɗanda ake buƙata wajen haɗa rediyo.

Wasiƙun sojoji sun zama matsala ta daban. Ba makami ba ne, amma sojan da bai ji daga gida ba gwiwarsa kan yi sanyi. Birtaniya ce ta fara samo mafita a 1941, Amurka ta bi sahu a 1942 da tsarin da ta kira V-mail. Mutum ya rubuta wasiƙarsa a takarda ta musamman, a ɗauki hotonta a siririn fim, a aika fim ɗin ta jirgi, a can a sake buga ta a ƙaramar takarda. Wasiƙu 150,000 da za su cika buhu 37 masu nauyin sama da tan ɗaya sukan koma buhu guda mai kimanin kilo 20. Maimakon a yi ta jayayya kan matakin da za a ba wasiƙa, sai aka rage mata nauyi har ta daina tsone wa kowa ido.

Rubuta matakai a takarda abu ne mai sauƙi. Wahalar ita ce hana mataki na sama cika. Kowane ofishi yana ganin nasa kayan su ne na gaggawa, kuma jami'in da ya ga kayansa na mataki na uku sun yi makonni a rumbu zai rubuta na biyu a karo na gaba. Idan kowa ya yi haka, lambar ta zama kamar kuɗin da aka buga fiye da kima: tana hannun kowa, ba ta sayen komai. Maganin da aka koma gare shi shi ne a yanka wa kowane fagen yaƙi adadin tan da zai samu a wata, a bar kwamandan wurin ya zaɓi abin da zai cika rabonsa da shi. Wanda ya san rabonsa ƙididdigagge ne ba ya ɓarnatar da shi.

Ko hakan bai kashe rigima ba, kamar yadda hanyar Indiya zuwa Sin ta nuna. Bayan Japan ta datse hanyar Bama a 1942, duk abin da zai shiga Sin sai ta sama, ta kan tsaunukan Himalaya. Janar Joseph Stilwell na Amurka yana son kayan su tafi ga horar da sojojin ƙasa na Sin. Janar Claire Chennault, shi ma na Amurka, yana son mai da bama-bamai domin jiragensa. Sai da maganar ta kai gaban Roosevelt a taron Washington na watan Mayu 1943, inda aka ba Chennault tan 4,700 na farko a kowane wata, aka kuma sa burin kai tan 10,000. Ba a cimma wannan buri ba sai a Disamba. A watan Yuli 1945 jigilar ta haura tan 70,000, kuma da yalwa ta samu, zafin gardamar ya ragu.

A Birtaniya, kamfanin BOAC ya koma ƙarƙashin umarnin Ma'aikatar Sama, kuma hukuma ce ke raba kujerun. Hanyar Bristol zuwa Lisbon tana cikin waɗanda aka fi rububi, domin Fotugal ba ta cikin yaƙin, ita ce ƙofar fita zuwa sauran duniya. Ranar 1 ga Yuni 1943 aka sauke wani yaro ɗan shekara bakwai da mai rakiyarsa daga jirgin da zai tashi daga Lisbon, domin a ba shahararren ɗan wasan fim Leslie Howard da abokin tafiyarsa wuri. Jiragen Jamus suka harbo jirgin a kan Tekun Biscay, mutum 17 da ke ciki babu wanda ya tsira. Hanyar Sikotland zuwa Suwidin ta fi wannan matsi. Can jiragen Mosquito masu gudun tsiya ake amfani da su, suna ɗauko ƙwallayen ƙarfen inji da Birtaniya ke saye, kuma fasinja ɗaya tak suke iya ɗauka, a kwance cikin rumbun bama-bamai. A haka aka fito da masanin kimiyya Niels Bohr a watan Oktoba 1943.

Abin da ya fi zubar da mutuncin dokar a idon Amurkawa kare ne. A watan Janairu 1945 aka ɗora wani ƙaton kare mai suna Blaze, mallakar Kanar Elliott Roosevelt, ɗan shugaban ƙasa, a jirgin kayan soja zuwa Kalifoniya, akwatinsa ɗauke da alamar mataki na ɗaya. Da jirgin ya sauka a Memphis aka buƙaci wuri domin wasu kayan gaggawa, sai aka sauke sojoji uku masu mataki na uku, cikinsu har da wani sojan ruwa da ke hanyar gida saboda rasuwar mahaifinsa. Karen ya ci gaba da tafiya. Jaridu suka yi caa, kwamitin Majalisar Dattawa ya yi bincike, rundunar ATC ta amsa cewa an yi kuskure wajen ba da matakin. Ma'aikatan Memphis ba su karya doka ba, alamar da suka gani suka bi; ɓarnar daga ofishin da ya liƙa alamar ta fito. Mutanen da suka shekara uku suna haƙurin sauka daga jirgi sun yi hakan ne bisa yardar cewa abin da ya sauke su ya fi su muhimmanci ga yaƙi, shi ya sa labarin ya yi zafi fiye da girmansa.

An soke fifiko a jiragen cikin gida na Amurka a watan Oktoba 1945, makonni kaɗan bayan Japan ta miƙa wuya. A farkon shekarun 1950 gwamnati ta kafa wani tsari na dindindin da ake kira CRAF, inda kamfanoni ke alkawarin ba da wasu jiragensu idan buƙata ta taso, su kuma a ba su kwangilar jigilar soja a lokacin zaman lafiya. Sau uku aka tayar da shi: a 1990 lokacin rikicin Kuwaiti, a 2003 lokacin yaƙin Iraƙi, da kuma a watan Agusta 2021, sa'ad da aka kira jirage 18 domin ɗaukar mutanen da aka kwaso daga Kabul daga sansanonin da aka fara sauke su.