Cukun Sifaniya: Kowane Yanki da Nasa

A ƙarshen watan Agustan 2023, a garin Arenas de Cabrales da ke arewacin Sifaniya, an yi gwanjon dunƙulen cuku guda ɗaya mai nauyin kilo 2.2, aka sayar da shi yuro 30,000. Mai wani gidan abinci ne ya saya. Cukun kuwa, da baƙo zai gan shi, sai ya ce ya lalace, domin cikinsa duk zane-zanen funfuna ne shuɗi-shuɗi.

Wannan shi ne Cabrales. Ana yin sa da ɗanyar madarar shanu, wani lokaci a haɗa da ta awaki da tumaki, sannan a kai shi kogunan duwatsun Picos de Europa ya yi aƙalla wata biyu. Sanyi da laimar kogon su ke ba funfunar damar yaɗuwa, ita kuma ta ba shi ƙamshi mai ƙarfi da ɗanɗano mai yaji-yaji. Ba a cinsa da yawa. Ɗan kaɗan ake shafawa a burodi, a ɗiga masa zuma don ta karya kaifinsa.

A Sifaniya, yanayin ƙasa da irin dabbar da ke kiwo a cikinta su ke yanke irin cukun da za a samu. Arewa mai ruwan sama da ɗanyar ciyawa ta shanu ce. Tsakiyar ƙasar, inda rani ke da zafi, hunturu kuma ke da tsananin sanyi, ta tumaki ce. Awaki kuwa sun fi yawa a kudu da tsibiran Kanari.

Daga tsakiyar ne Manchego ya fito, wanda ya fi kowanne suna a duniya. Doka ba ta yarda a kira cuku da wannan suna ba sai an yi shi da madarar tumakin Manchega a lardunan Albacete, Ciudad Real, Cuenca da Toledo. Manyan dunƙulen sukan kwana 60 ko fiye kafin a fitar da su kasuwa, wasu har shekara biyu. Sabo yana da laushi da maiƙo, tsoho kuma yakan yi tauri, ɗanɗanonsa ya ƙara kaifi. Zanen saƙa da ke jikin ɓawonsa gado ne daga makiyayan da, waɗanda ke naɗe cukun da saƙaƙƙiyar ciyawa don tace ruwansa. Mutanen Sifaniya kan cire ɓawon, su yanka shi siri-siri mai kusurwa uku, su ɗora masa membrillo, wato daskararren zaƙi da ake dafawa daga wani ɗan itace dangin tuffa. In babu shi, dabino ko busasshen ɓaure sun wadatar.

A yankin Extremadura akwai Torta del Casar, wanda ba a yanka shi. Samansa ake fiɗewa kamar murfi, a riƙa ɗibar cikin da cokali ko gutsuren gasasshen burodi, saboda tsabar laushi. Abin da ke daskarar da madararsa furen wata ƙaya ce, shi ya sa yake da ɗan ɗaci-ɗaci. Fulani masu yin wara da ganyen tumfafiya sun san irin wannan dabara.

Tsibirin Menorca yana da Mahón, na madarar shanu, mai kusurwa huɗu, wanda ake goge bayansa da man zaitun da garin jan tattasai. Ƙasar Basko da Navarra kuma suna da Idiazábal, na tumakin Latxa, wanda wasu ke turara shi da hayaƙin itace. A can da membrillo da gyaɗar Turawa ake cinsa bayan an gama abinci.

Hanyar gabatar da su ba ta da wahala. A fitar da cuku daga firji kamar rabin awa zuwa awa ɗaya kafin a ci, domin sanyi na danne ƙamshinsa. Iri uku sun isa faranti ɗaya, a fara da mai sauƙin ɗanɗano, a ƙare da mai ƙarfi irin Cabrales, kuma kowanne da wuƙarsa. Burodi, zaitun, inabi da ɗan man zaitun su ke rakiya.

Musulmi mai saye yana da abubuwan dubawa. Cukun awaki da ake kira Murcia al Vino, a jar giya ake jiƙa ɓawonsa, shi ya sa yake da launin shunayya. Yawancin sauran kuma ana daskarar da madararsu ne da wani sinadari daga tumbin ɗan maraƙi ko ɗan rago, kuma galibi ana rubuta shi a takardar da ke jikin cukun, inda kalmar "cuajo vegetal" ke nufin na tsiro ne. A gidajen abinci kuma sau da yawa ana jera cuku faranti ɗaya da jamón, wanda naman alade ne, don haka gara a nemi a kawo cukun shi kaɗai.