Kafin a ce yaro ba ya da kai, a binciki abin da ya hana shi ganewa

A kasuwanninmu na bakin iyaka, daga Ƙonni zuwa Ɗan Isa har Magarya, sau da yawa mukan ji uba ya ce ɗansa ba ya da kan boko, gara ya fiddo shi daga lakwal ya zaunar da shi a rumfa. Kafin a yanke wannan hukunci ya kamata mu leƙa cikin aji, domin galibi ba ƙwaƙwalwar yaron ce ke da laifi ba.

A aji guda malami yakan tarar da yara iri-iri. Akwai wanda ba ya ganin rubutun babban allo daga bencin baya. Akwai wanda kunnensa ya yi nauyi bayan ya tashi daga sanƙarau. Akwai yarinyar da ke fashi kowace ranar kasuwa saboda talla, ga kuma yaron da ya fara karatu da Ingilishi a Katsina ko Sakkwato, iyayensa suka dawo gida ya tarar da Faransanci. Idan malami ya bi littafi shafi bayan shafi ba ya waiwaye, ƴan gaba-gaba kaɗai ke bin sa, sauran su zama ƴan kallo.

Sakamakon haka ba ɓoyayye ba ne. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa a Nijar, cikin yara goma da ke ajin ƙarshe na firamare, ko ɗaya cikakke bai kai matakin karatun da ake bukata ba. A binciken 2019 an sami ci gaba, amma duk da haka mafi yawansu ba su kai ba.

Magani na farko shi ne harshe. Yaron da aka fara koya masa baƙaƙe da harshen da yake ji a gida ya fi saurin kamawa, daga baya sai a ɗora masa na waje. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta amince da koyarwa da harsunan ƙasa, sannan a 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Na biyu shi ne a koyar da yaro daga inda ya tsaya. Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ce ta shahara da wannan dabara. Ana yi wa kowane yaro ɗan gajeren gwaji a ga ko baƙaƙe ya sani, ko kalma, ko yana iya karanta labari. Sai a kasa su rukuni-rukuni bisa ga abin da suka iya, ba bisa ga shekaru ko aji ba, a ba su awa ɗaya ko biyu kullum. Wanda ya ƙware sai ya haura rukuni na gaba. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin a makarantar allo kowane almajiri da allonsa, kuma ba a yi masa ƙari sai ya iya na jiya.

Na uku ya shafi yara masu nakasa. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu, wadda ta tanadi su yi karatu tare da sauran yara. Makaho na bukatar rubutun Braille mai ɗigo shida da ake shafawa da yatsa, kurma na bukatar maganar hannu, kuma waɗannan sai da malamin da aka horar. Amma da yawa ba sa cin ko dala: a dawo da mai raunin ido gaba, malami ya fuskanci mai nauyin kunne idan yana magana, a yi lissafi da tsakuwa ko marfin kwalba, a haɗa wanda ya gane da wanda bai gane ba su zauna benci ɗaya.

Mu iyaye ma da namu rabon. Ɗan kasuwa ba ya sayen buhu sai ya zura hannu ya ga abin da ke ciki. To, haka za mu yi wa karatun ƴaƴanmu. Da dare a miƙa wa yaro rasit ko takardar kaya ya karanta. Idan ya kasa, a je a ga malaminsa a tambayi inda yake zama da inda ya tsaya, a kai shi asibiti a duba ido da kunne. A kuma halarci taron kwamitin makaranta, a nemi a shirya darasin cike giɓi ga masu fashin ranar kasuwa. Yaron da ke iya ba da canji daidai a rumfa, ba shi ne za a ce lissafi ya gagara ba.