In Ta Mace Maka a Bichi, Wa Zai Buɗe Ta?

Kawuna ya shafe shekaru yana jan motar haya tsakanin Kano da Katsina. Duk wanda ya zo neman shawararsa kan sayen mota, ba ya tambayar fenti, ba ya tambayar gudu. Sai ya goge hannu da tsumma ya ce, "In ta mace maka a Bichi da magariba, wa zai buɗe ta?" Dalilin da ya sa ya riƙe Fijo 504 ke nan har ta tsufa a hannunsa. A lokacin a Kaduna ake haɗa ta, kowane gari akwai bakaniken da ya san ta kamar yunwar cikinsa, kayan gyaranta kuwa jibge a kasuwar Ƙofar Ruwa.

Maganarsa ta faɗo mini a rai ranar da na zauna da wasu samari huɗu masu rubuta manhaja. Aiki suka samu na wata makaranta: rajistar ɗalibai, biyan kuɗi, sakamakon jarrabawa, duk ta intanet. Shayi har ya huce suna gardamar ƙashin ginin da za su ɗora fuskar manhajar a kai, wato ɓangaren da mutum ke gani yana latsawa. Ɗaya na cewa React, ɗaya Angular, autansu kuwa ya rantse Svelte ce ta zamani.

Angular ta kamfanin Google mota ce da ta fito da komai nata: tsarin zirga-zirga tsakanin shafuka, cike fom, magana da sabar, kuma da harshen TypeScript ake tuƙa ta. Koyonta da nauyi, amma in yaro ya bar gareji, wanda ya gaje shi zai tarar da kowace waya a inda ya saba ganinta. React, wadda Facebook ya fitar a 2013, inji ce kawai. Aikinta zana abin da ke kan allo da sabunta shi idan bayani ya canza. Bodi da giya da burki, kai za ka shiga kasuwa ka zaɓo, wannan ya ɗauki Redux, wancan ya ɗora komai a kan Next.js. Shi ya sa za ka ga manhajoji goma na React, babu biyu masu kama da juna a ciki. Sai dai kanikawanta sun fi na kowa yawa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Vue, da Evan You ya fitar a 2014, tana tsakiya. Svelte ta Rich Harris kuwa babur ce mara nauyi, tana gama yawancin aikinta tun wajen haɗawa, abin da ke isa wayar mai amfani kaɗan ne. Ina son ta, ban ɓoye ba, amma so ba ya kawo bakanike.

Abin da samarin ba su sa a lissafi ba shi ne ranar da kamfani zai daina ƙera kayan gyara. An taɓa yi. AngularJS ta fito a 2010, jama'a suka yi caa a kanta. A 2016 aka sake rubuta ta daga tushe, sabuwar ba ta shiga ramin tsohuwar, suna kawai suka haɗa. Ƙarshen 2021 aka daina kula da tsohuwar baki ɗaya, waɗanda suka gina manyan ayyuka a kanta suka koma sauke inji da tsakar rana. Vue ta biyu ma an rufe babinta a ranar ƙarshe ta 2023.

Sannan ga ƙananan notuna. Kowane ɗan laburare da ka jawo daga rumbun npm, amana ka ɗauka daga hannun wanda ba ka taɓa gani ba. A watan Maris na 2016 wani ya cire left-pad, ɗan abu mai layi 11 kacal, ayyuka masu ɗimbin yawa a duniya suka ƙi haɗuwa. Noti guda ya zube, tirela ta tsaya.

Hanyar ma abin dubawa ce. Iyayen ɗaliban nan ba da babbar kwamfuta za su duba sakamako ba, da ƙaramar waya ce mai tsagaggen gilashi, datar ɗari biyu, sabis na zuwa yana ɗaukewa. Duk lodin JavaScript da aka labta, wayar ce za ta sauke shi ta kuma sarrafa shi kafin uba ya ga makin ɗansa.

Na tambaye su wadda suka fi iyawa. Uku cikin huɗu suka ce React, kuma in ɗaya ya tafi bautar ƙasa, ba za su sha wuyar samun madadinsa ba. Na ce to ita za ku ɗauka, kada ku ƙara mata wani laburare sai kun rasa yadda za ku yi, kuma ku gwada kowane shafi a kan wayar maigadin makarantar kafin ku miƙa aiki. Autan ya ɓata rai, amma da React suka fara washegari.