IYA RUWA FIDDA KAI: DAGA KABANCIN ARGUNGU ZUWA ZAMIYAR TURAWA

Yau dai zan ajiye zancen lalle da girki a gefe, mu ɗan leƙa bakin gulbi. Zancen wasan ruwa na zo muku da shi, irin namu na gida da irin na Turawa, tare da wata tambaya da ta daɗe tana ci mini rai: a cikinmu mata, mutum nawa ce in ta faɗa ruwa za ta iya fid da kanta?

Duk wadda ta tashi a ƙasar Hausa ta san sunan Argungu, ko a rediyo ne ta taɓa ji. Garin yana jihar Kebbi, jihar da aka cire daga tsohuwar jihar Sakkwato a shekarar 1991, kuma daga Birnin Kebbi tafiyar kamar awa guda ce a mota. Nan ne cibiyar Kabawa, jikokin Kanta na Surame, mutanen da suka shahara da yaƙi da kuma su. Bikin kamun kifin da ya fito da sunan garin ya samo asali ne a shekarar 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama ziyara, bayan doguwar gabar da aka yi tsakanin Sakkwato da Kabi. Don girmama babban baƙo sai aka shirya masa su a gulbi. Kun ga ke nan bikin na sulhu ne tun asalinsa. A shekarar 2016 hukumar UNESCO ta saka shi a jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Abin da aka fi nunawa a talabijin shi ne ranar ƙarshe, ranar da dubban masunta ke jeruwa a bakin Matan Fada, kowa da gorarsa da komarsa, da an harba bindiga sai su ruga su auka ruwa, wanda ya kamo giwan ruwa mafi nauyi shi ne gwani. To amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Kabanci, wato wasannin gwaninta da ake yi kafin wannan rana.

Na ga Kabanci da idona a watan Maris na 2020, shekarar da aka dawo da bikin bayan ya yi kimanin shekara goma ba a yi shi ba. Goggona da ke aure a Birnin Kebbi ce ta ɗauke ni muka je. Wallahi gani ya kori ji. Da farko tseren kwale-kwale, samari na tuƙi da filafili, hannuwansu na tashi suna sauka tare kamar mutum ɗaya ne. Sai tseren ninƙaya, sai masu iyo a kan gora, mutum ya kifa cikinsa a kanta yana tafiya kamar ya hau tabarma. Sai nutso, inda za ki ga mutum ya ɓace a ƙarƙashin ruwa har hankalinki ya tashi ki fara salati, can sai ya ɓullo yana dariya. Akwai kamun kifi da hannu, ba koma ba ƙugiya, sai yatsu kawai da sanin inda kifi ke laɓewa. Wanda ya fi ba mutane dariya kuwa shi ne kamun agwagwa: a saki agwagwa a ruwa, ƙarti su bi ta, tana nutsewa nan ta ɓullo can, su kuwa suna cin karo da juna. A shekarar nan kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78, ya fi 'yan mata da yawa a cikinmu nauyi.

Ina mata a wannan fage? Muna nan a bakin ganga. Mu ne masu guɗa, mu ne masu waƙa da tafi, mu ne masu soya kifin in an fito da shi. Ba raina wannan nake yi ba, don biki ba guɗa ai lami ne. Amma da na juya na ce, "Goggo, ke kin iya iyo kuwa?" sai ta kama haɓa ta ce, "Ke 'yar nan, rufa mini asiri. Shekarata ashirin ina shiga jirgi, ban taɓa tsoma ƙafata inda ya wuce gwiwa ba." Wannan amsa ita ce mafarin wannan rubutu.

TAFIYA A KAN RUWA BA TAKALMI

Turawa ma suna da nasu Kabancin, sai dai su da inji suke yi. A shekarar 1922 wani saurayi ɗan shekara 18 mai suna Ralph Samuelson, a jihar Minisota ta Amurka, ya ɗaura dogayen katakai biyu a ƙafafunsa, ya riƙe igiya, jirgi mai inji ya ja shi, sai ga shi tsaye yana zamiya a kan tafki. Daga nan wasan zamiyar ruwa ya samo asali. A shekarar 1947 kuma, a jihar Fulorida, wasu samari biyu, A. G. Hancock da Dick Pope ƙarami, suka yar da katakon gaba ɗaya, suka tsaya a kan ruwa da tafin ƙafarsu kawai.

Na san wata za ta ce wannan ai sai da asiri. Babu asiri ko na sisin kwabo. Kin taɓa jefa faffaɗan dutse a kan ruwa kin ga yana tsalle? To haka abin yake. Idan gudu ya yi yawa, ruwa kan yi tauri a ƙarƙashin ƙafa ya tura mutum sama. Babban mutum yana bukatar jirgin ya yi gudun kimanin kilomita 60 a awa guda, gudun mota a kan kwalta ke nan, kuma mai nauyi ya fi bukatar gudu a kan mara nauyi. Da jirgin ya sassauta, ko mutum ya saki igiya, sai ya nitse kamar kowa.

An fara gasar duniya ta wannan zamiya ba takalmi a shekarar 1978 a birnin Kanbera na Ostireliya. Kashi uku ake yi: akwai tsallaka igiyar ruwan da jirgi ya tayar daga wannan gefe zuwa wancan, akwai tsalle daga kan wani allo mai gangare a ga wanda ya fi nisa, sannan akwai nuna gwaninta. A nan ne ake ba mutum daƙiƙa 15 sau biyu ya nuna duk abin da ya iya: tsayuwa da ƙafa ɗaya, juya baya ana jan sa, saƙala igiya a ƙafa ya saki hannu, ko ya kwanta da bayansa a kan ruwa ya kewaya ya miƙe tsaye. Kowane salo da makinsa. Akwai kuma wasan nuni na ƙungiya, inda jirgi ɗaya zai ja mutane da yawa, wasu su hau kafaɗun wasu har su yi hawa uku ko huɗu, kuma galibi 'yan mata ne a can ƙololuwa saboda rashin nauyinsu.

Abin da ya ja hankalina shi ne hannun mata a tarihin wasan. Wurin shaƙatawar da ya fi suna da wasan nuni, Cypress Gardens na Fulorida, mace ce ta fara shirya wasan a cikinsa, Julie Pope, a shekarar 1943, lokacin yaƙin duniya na biyu, ta tara 'ya'yanta da abokansu suka yi wa sojoji wasa. A shekarar 1951 kuma wata mai suna Charlene Zint ta zama mace ta farko da ta yi zamiyar ba takalmi.

Kada ku ce ina kiran 'yar Musulmi ta tuɓe ta hau kafaɗar namiji, Allah ya tsari gatari da saran shuka. Mu da tarbiyyarmu, su da tasu. Darasin da na ɗauko ɗaya ne. Waɗannan gwanaye, duk iyawarsu, ba mai shiga sai da riga mai hana nutsewa, kuma a cikin jirgin ban da direba akwai wanda aikinsa kawai ya zuba wa mai zamiya ido. Haka Kabawa: kafin su a Matan Fada sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, masunci kuma ba ya rabuwa da gorarsa. Wanda ya san ruwa shi ya fi kowa jin tsoronsa. Mu da ba mu san shi ba, mu ne muke afka masa ba shiri.

RUWA BA YA TAMBAYAR MACE KO NAMIJI

A watan Mayu na 2021 wani jirgi da ya taso daga jihar Neja ɗauke da mutum fiye da 150 ya kife a kogin Kwara kusa da Warra, a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi. Waɗanda aka ceto da ransu 'yan ƙalilan ne. A ƙarshen watan Nuwamba na shekarar dai, a Bagwai ta jihar Kano, jirgi ya kife a madatsar ruwa ta Watari, aka rasa aƙalla mutum 29, akasarinsu yara 'yan Islamiyya da ke hanyar zuwa Maulidi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ji ƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kimanin 300,000 ne ke mutuwa ta hanyar nutsewa a shekara, shi ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli don faɗakarwa a kan haka.

Mun yi imani kowa da ajalinsa, amma an umarce mu da riƙo da sababi. Ki duba wane ne ke shiga jirgi ranar kasuwa, ranar kai amarya, ranar suna a ƙetaren gulbi. Mu ne, da goyo a baya, da zani da mayafi da dogon hijabi waɗanda in sun sha ruwa sai su zama kamar an ɗaura wa mutum dutse. Yaro namiji tun yana ƙarami ake ƙyale shi ya bi yayyensa rafi, ita kuwa yarinya da ta doshi ruwa sai a ce aljanu, sai a ce rashin kunya. Har mu marubuta muna da laifi: mun iya kai jarumarmu lambu, mu zaunar da ita a bakin ƙorama tana hawayen masoyi, amma ba ma tunanin koya mata abin da zai cece ta in santsi ya kwashe ta. Alhali an ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya yi umarni a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. A ƙauyukan Sarkawa ma za ki ga yarinya tana tuƙa kwale-kwale ita kaɗai, ba kuma wanda ya ce mutuncinta ya zube.

Don haka ga 'yan shawarwari, ki riƙe su ki kuma gaya wa ƙawarki. In za ki shiga jirgi, ki tambayi rigar kariya, ki sa ta ki ɗaure, kada ki ji kunyar a ce ke matsoraciya ce. In kin ga an yi wa jirgi lodin da bakinsa ya kusa shafar ruwa, ki haƙura ki jira na gaba, kuma ki guji tafiyar dare. A cikin jirgi a zauna, ban da miƙewa, ban da ruguwa gefe guda in an tsorata. In Allah ya ƙaddara kin faɗa, kada ki yi ta fafutuka da kururuwa ruwa na shiga bakinki. Ki yi ƙoƙarin kwanciya rigingine, fuska sama, hannuwa a buɗe. Jarkar da ba komai a cikinta, in murfinta a rufe yake, aikin gorar masunci take yi, ki rungume ta. In kuma wata ce ta faɗa, kada tausayi ya sa ki bi ta alhali ba ki iya ba, don mai nutsewa ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, sai ku tafi tare. Ki miƙa mata sanda ko zani, ki jefa mata jarka, ki yi ihun neman taimako.

Batun koyon iyo kuwa, da yardar iyaye za a yi shi, a wurin mata zalla, da sutura mai rufe jiki wadda ba ta da nauyi, a ruwan da bai wuce ƙugu ba, kuma a gaban wadda ta ƙware. Ban da kududdufi, don nan ake kwaso tsargiya mai sa fitsarin jini. Ina roƙon shugabannin makarantun 'yan mata da hukumomin jihohinmu su duba wannan lamari, ko da ware wa mata rana guda ne a wuraren ninƙayar da ake da su, da malama mace. Jihar da ta tara gwanayen ruwa irin na Argungu bai kamata a ce 'ya'yanta mata suna hallaka a ruwan da bai fi ƙarfin ɗan shekara goma ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Nan zan dakata sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Wadda ta iya iyo a cikinku, don Allah ta rubuto mana yadda ta koya da wanda ya koya mata, ko wata uwar za ta karanta ta sauya tunani. Allah ya tsare mu da sharrin ruwa da wuta, ya sa mu gama da duniya lafiya, amin.

Taku har kullum.