Gyaran Keke: Yadda Ake Kwance Ƙoƙon Cibiya Idan ya Cije

1.0 Gabatarwa

Karkarar arewacin Jihar Kano, tun daga Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa har zuwa Bichi da Makoɗa da Dambatta, ƙasa ce mai cikar jama'a, inda gona ke manne da gona kuma ake noma kowace a duk shekara. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin wannan tsari a shekarun 1960. A irin wannan wuri, ko da yake babur ya yawaita, har yanzu keke na kai taki gona, yana kai kayan gwari kasuwar Badume, yana kuma kai malami da ɗalibi makaranta. A wannan darasi za a yi bayanin ɗaya daga cikin ayyukan da suka fi ba mai gyaran keke wahala, wato kwance ƙoƙon cibiya bayan ya cije.

2.0 Mece ce Cibiyar Keke?

Abin da za a kira cibiya a nan shi ne gajeren bututun da ke ƙasan firam, inda sandar da ke ɗauke da hannuwan feda biyu take ratsawa. Sandar tana juyawa ne a kan 'ya'yan boris. A kekunan da aka saba da su, kowane gefe yana ɗaukar ɗan boris 11, mai kaurin rubu'in inci, ke nan 22 gaba ɗaya. Abin da ke riƙe su shi ne wasu ƙoƙuna biyu na ƙarfe da ake ɗaurawa a cikin tiredin bututun. Ƙoƙon hagu shi ake ƙara wa ɗauri ko a sassauta, yana kuma da zobe mai kulle shi. Na dama, wato na ɓangaren sarƙa, ɗaure shi ake yi tamau a bar shi.

Yawancin kekunan karkara, na Indiya irin Hero da na Sin irin Phoenix, an ƙera su ne bisa samfurin keken Ingila. A wannan samfuri tiredin ƙoƙon dama a juye yake. Noti na yau da kullum yana ɗauruwa idan aka juya shi yadda hannun agogo ke tafiya, amma ƙoƙon dama ta nan yake kwancewa. An yi haka ne da gangan, domin motsin sanda da boris yana jan ƙoƙon zuwa kishiyar inda feda ke juyawa. Da an yi masa tiredi irin na kowa, da tuƙi ya riƙa sassauta shi a hankali.

3.0 Dalilan Cijewa

Dalili na farko shi ne tuƙin kansa, domin duk shekarar da keke ya yi yana aiki ƙoƙon dama ƙara ɗauruwa yake yi. Na biyu shi ne ruwa. Da damina ruwa kan shiga ta bututun sirdi ya gangara ya kwanta a cibiya, tun da ita ce mafi ƙasa a firam, sai tsatsa ta haɗe ƙoƙo da bututu. Na uku shi ne ƙurar hunturu da rairayin hanya, waɗanda ke cakuɗa da giris su busar da shi. Na huɗu kuwa kuskuren ɗauri ne. Kamfanin Raleigh na birnin Nottingham, wanda ya kafa masana'anta a Kano a shekarun 1970, ya daɗe yana yi wa kekunan da yake ƙerawa a Ingila tiredi 26 a kowane inci, alhali ma'aunin sauran kamfanoni 24 ne. Idan aka tura ƙoƙo mai wannan ma'auni cikin firam mai wancan, zai shiga kaɗan sannan ya kafe.

4.0 Matakan Kwancewa

Da farko sai a cire hannuwan feda. Kowanne yana da 'yar ƙusa mai gefe ɗaya a fere, da noti a ƙarshenta. A sassauta notin har ya yi daidai da bakin ƙusar, a tokare hannun fedar da guntun bututu daga ƙasa, sannan a doka da guduma sau ɗaya da ƙarfi. Ƙananan duka masu yawa tauye ƙusar kawai suke yi.

Daga nan sai a koma hagu, a kwance zobe, a kwance ƙoƙo, a zaro sanda. A shimfiɗa tsumma domin 'ya'yan boris kada su ɓace cikin ƙasa, a kuma lura cewa gefen sandar da ya fi tsawo shi ne na ɓangaren sarƙa.

A nan ya kamata a dakata a goge cikin ƙoƙon dama a duba shi da tocila. Idan hanyar da boris ke bi tana da santsi, ba ta da ramuka, to a bar shi inda yake, a zuba sabon giris da sabbin boris a mayar. Ba a taɓa shi sai idan ya rarake ko ya tsage.

Idan cire shi ya zama dole, sai a kwantar da keken, a zuba kananzir ko man dizal a kan tiredin ta ciki da ta waje, a bar shi ya kwana. Kashegari sai a nemi babbar ƙusa mai tiredi, mai kaurin kimanin milimita 16, a zura ta daga cikin bututun ta fito ta ramin ƙoƙon, da washa ciki da waje, a ɗaura noti daga waje. A riƙe kan ƙusar ta ciki, a yi ta ɗaure notin. Da zarar ya damƙe ƙoƙon, ci gaba da ɗauri zai juya shi zuwa inda yake kwancewa. Wannan dabara ta fi dogaro da sifana kaɗai, domin bakin ƙoƙon siriri ne, sifana kan zame ta cinye shi. In ƙarfin hannu ya gaza, sai a zura dogon bututu a ƙotar sifanar.

Idan duk da haka ya ƙi, sai a goge man sarai, a gasa bututun daga waje da wuta kaɗan domin ya buɗa. A yi hattara, wuta tana ƙona fenti, kuma mahaɗan tsofaffin firam da tagulla aka liƙe su, zafi mai yawa yana raunana su. Mataki na ƙarshe shi ne a kai wa mai walda ya liƙa guntun ƙarfe a jikin ƙoƙon a juya da shi.

Babban abin da ake gudu a duk aikin shi ne lalata tiredin firam. Ƙoƙo abu ne mai araha, firam kuwa shi ne keken. Wanda ya juya ƙoƙon dama ba ta inda ya dace ba, ko ya sare shi da guduma, ya faɗa cikin abin da Hausawa ke cewa garin neman gira a rasa ido.

5.0 Kammalawa

Wajen mayarwa, a wanke tiredi, a shafa masa giris, a fara ɗaura ƙoƙo da hannu. In ya ƙi tafiya tun daga farko, to ma'aunin bai dace ba, kada a tilasta shi. Sannan a daidaita ƙoƙon hagu yadda sanda za ta juya ba tare da girgiɗi ko tauri ba, a kulle da zobe. Mai keken da ke buɗe cibiya yana sake giris bayan kowace damina, da wuya ya gamu da wannan matsala.

Tambayoyi

1. Me ya sa aka juya tiredin ƙoƙon dama?
2. Kawo dalilai huɗu da ke sa ƙoƙo ya cije.
3. Ziyarci mai gyaran keke a garinku, ka tattaro sunayen da yake kiran sassan cibiya, ka ware na asali da na aro.