Hoto Ba Ya Tada Wasan Da Usur Ya Kashe

A Gaya, inda gada ta haɗa Nijar da Malanbil ta ƙasar Benin, hanya kuma ta miƙa zuwa Kamba ta Nijeriya, wasa yakan tashi amma gardama ta kwana. Mutanen jihar Doso, jihar Isaka Isaka, sun saba da gardamar kokowa tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975. Da hoton bidiyo ya shiga alƙalancin ƙwallon ƙafa, a gasar duniya ta 2018 a Rasha da ta Afirka ta 2019 a Masar, sai mutane da yawa suka ɗauka cewa daga yanzu hoto zai raba kowace gardama. Amurkawa sun daɗe a wannan hanya, kuma abin da suka tarar ya isa darasi.

Ƙwallon Amurka dabam yake da namu. Siffarsa kamar ƙwai, da hannu ake ɗaukarsa. Kowane ɓangare yana da mutum 11. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama 4 su ci yadi 10, wato mita 9 da ɗan ɗoriya. In sun ci, a sake ba su dama 4. In sun kasa, ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Saboda haka tazarar yatsa guda tana iya yanke wasa.

Sau da yawa mai gudu da ƙwallo ba ya faɗuwa. Sai a rungume shi, a tsayar da shi, a yi ta tura shi baya. A nan doka ta ce alƙali ya busa usur, a ajiye ƙwallo a wuri mafi nisa da mutumin ya kai kafin a tsayar da shi. Dalili biyu ne: kada a ƙwace masa abin da ya ci da ƙarfinsa, kada kuma taron ƙarti su ji masa rauni.

Babbar ƙungiyar wasan, NFL, ta fara duba hoto a 1986, ta daina bayan kakar 1991 saboda ɓata lokaci, ta dawo da shi a 1999. Mai horar da ƴan wasa yana jefa jan ƙyalle in bai yarda da hukunci ba. Tun 2017, ofishin ƙungiyar da ke Niyok ne ke da maganar ƙarshe, kuma ba a sauya hukunci sai hoto ya nuna kuskure ƙarara.

Game da mutumin da aka tsayar, tambaya biyu ce. Ta farko: ina ƙwallo ya kai? Wannan ana duba ta a hoto, in maganar layin yadi 10 ce ko layin cin maki. Ta biyu: yaushe aka tsayar da shi? Wannan hukuncin idon alƙali ne, hoto ba ya taɓa shi. Da zarar alƙali ya ce an tsayar da mutum, wasa ya mutu, duk abin da ya biyo baya ba a lissafa shi.

An ga nauyin wannan doka ran 6 ga Janairu 2018 a birnin Kansas. Derrick Johnson na ƙungiyar Chiefs ya bangaje Marcus Mariota na Titans, ƙwallo ya kuɓuce, ƴan Chiefs suka ɗauka. Alƙali Jeff Triplette ya ce an riga an tsayar da Mariota kafin ƙwallo ya faɗi. Duniya ta ga hoton, amma doka ta hana a duba shi. Titans suka ci maki 3 nan take, daga ƙarshe suka yi nasara da 22 da 21.

Ko a tambaya ta farko ma hoto yakan gaza. Ran 26 ga Janairu 2025, Josh Allen na Bills ya kutsa cikin cunkoso yana neman yadi guda. Alƙalai suka ce bai kai ba. Aka duba hoto, jikuna sun rufe ƙwallo, hukunci ya tsaya. Chiefs suka ci 32 da 29. A kakar 2025 aka kawo kyamarorin Hawk-Eye su auna tazara a madadin sarƙar da aka saba ja a fili, amma har yanzu hannun alƙali ne ke ajiye ƙwallon da ake aunawa.

Mai kallon kokowa a Gaya zai gane wannan da wuri. Hoto yana iya nuna ko bayan mutum ya taɓa ƙasa. Amma in alƙali ya raba ƴan kokowa, ɗaya ya saki jiki, ɗayan ya kada shi, babu hoton da zai mai da wannan kaye na gaskiya, domin wanda ya saki jiki umarni ya bi. Ke nan duk mai neman a kawo na'ura filin wasa, sai ya fara neman a horar da wanda ke riƙe da usur.