Shirin Musamman: Fiyus Ɗan Aike Ne, Ba Shi Ne Mai Laifi Ba

Shirinmu na yau ya yada zango a Abule Egba, kan babbar hanyar Legas zuwa Abeokuta, inda manyan motoci ke ratsawa dare da rana, wasu ɗauke da shanu zuwa mayankar Oko-Oba a Agege, wasu da kayan gwari daga Arewa. A bakin wannan hanya, ko a gindin gadar saman da aka buɗe a 2017, ba wuya ka ga mota ta yi cak: an jona wayar bodi da kan mota, fitilu sun ɗauke, an murɗa makulli kuma shiru. Yaron mota ya buɗe akwatin fiyus, ya tarar ɗaya ko biyu sun ƙone. Abin da ake yi a wannan minti shi ne batunmu, domin da yawa sai su tsinko silin waya su ɗaure gurbin. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne.

Da gangan aka yi fiyus da rauni. Ɗan siririn ƙarfe ne a cikin roba, an auna shi ya narke idan wuta ta wuce ƙima, kafin wayoyin mota su ɗau zafi. Shi ya sa ƙanana masu ƙafa biyu suke da launi: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. In ya ƙone daidai lokacin da aka jona tirela, labari ya kawo cewa wata waya ta goge ta taɓa ƙarfe, ko ruwan daminar Legas da tsatsa sun haɗa bakunan soket, ko an juya wayoyi wajen ɗauri. Abin da ke hana tashi kuwa, a wasu motoci layin da ya ƙone yana ciyar da rilen kik, ko makunnin birki, ko na'urar da ke sarrafa injin. Batir lafiya, kik lafiya, saƙo ne kawai bai isa ba.

Hanyar ganewa ba ta da tsada. A fara cire soket ɗin tirela gaba ɗaya. A duba kan batir, a tabbata ya ɗauru, sannan a bi fiyus ɗaya bayan ɗaya da fitilar gwaji, har da babban da ke kusa da batir. Wanda ya ba da wuta a ƙafa ɗaya ya hana ɗayar, shi ne ya mutu. A sa sabo mai lamba irin tasa. In mota ta tashi, ciwon yana jikin tirela, sai rewaya ya bi wayar daga soket zuwa fitilun baya, musamman inda take gugar ƙarfe. Gwanaye kan sa ƙwan fitila a gurbin fiyus: muddin wayar na taɓa bodi zai haska sosai, da an ɗaga wurin da ya goge sai ya dushe. A kuma tuna manyan motoci galibi bolt 24 suke, ƙanana 12, kayan wannan ba na wancan ba ne.

Direba zai ce, malam, shanu na cikin rana, tumatir na ruɓewa, jami'an LASTMA masu kula da zirga-zirgar motoci na iya janye motar, ina lokacin bin waya? Uzuri ne mai nauyi, amma sauri kan haifi nawa. Zare soket da sauya fiyus aikin 'yan mintuna ne, ya isa a kawar da mota daga titi zuwa gareji. Silin waya kuwa ba ya narkewa a kan lokaci, sai zafin ya koma kan wayoyin da ke bayan dashbod, robarsu ta narke, gyaran fiyus ɗaya ya zama sabon wayarin, in ma mota ta tsira. Wani zai ce ya shekara goma yana haka bai ga komai ba. Wayar da ke taɓa ƙarfe jifa-jifa takan yi wa mutum lamuni, ranar da ta manne babu sallama. Mai cewa a sa fiyus mai babbar lamba shi ma hanya ɗaya ya bi, domin kaurin waya ne ke yanke lambar fiyus, ba son ran direba ba.

Mutanen Abule Egba sun san wuta. Ranar 26 ga Disamba 2006 gobarar bututun mai ta ci ɗaruruwan rayuka a nan. Ba wayar mota ce ta jawo ta ba, amma ta nuna abin da wuta ke yi a unguwa mai cunkoso, ga tankokin mai na bin hanyar, ga 'yan kasuwar Katangowa da dilolin gwanjo.

Don haka 'yan'uwa direbobi, iyayen gida masu motoci, da ku rewayoyi: ku ajiye fiyus masu kyau na kowace lamba da fitilar gwaji a mota, ku duba soket kafin lodi, don ba a fafe gora ranar tafiya. Kada kuma a hau titi da dare da bodi marar fitilun baya. Allah Ya kai kowa gida lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.